Yadda Ake Sanya Lambar Cuta Da Neman Kuɗin Inshora A Kan Cututtukan Fatar Ido

Fatar ido ƙaramin wuri ce a jikin ɗan Adam, amma a wajen ma'aikacin da ke sanya lambobin cuta a asibitocin Amurka tana daga cikin wuraren da suka fi neman natsuwa, domin kowane mutum yana da guda huɗu, kuma tsarin lambobin yana so a faɗi wacce ce ta kamu. Ƙa'idojin da za a bi a nan na Amurka ne: kundin lambobin cututtuka na ICD-10-CM, wanda ya maye gurbin ICD-9-CM a ranar 1 ga Oktoba 2015, da kundin CPT na lambobin ayyukan likita, na Ƙungiyar Likitocin Amurka, da dokokin Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnatin tarayya, waɗanda kamfanonin inshora da yawa ke kwaikwaya. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, lamba ba ta fitowa daga kan mai sanya ta, daga rubutun likita take fitowa, kuma fatar idon da likita ya ambata dole ne ta zama ita ce a kowane gurbi na takardar neman biya, daga sama har ƙasa.

Mataki na farko: karanta rubutun likita kafin buɗe kundi

Tambayoyi huɗu ake yi wa rubutun. Wace cuta ce likita ya kira da sunanta? Ina ta tsaya, a bakin fatar ne, ko cikin namanta, ko ta wuce zuwa kewayen ido? Wace fata ce, ta sama ko ta ƙasa, dama ko hagu? Sannan an san ƙwayar cutar da ta jawo ta? Idan ɗaya daga cikin amsoshin ya ɓace, hanyar da ta dace ita ce a aika wa likita tambaya a rubuce, ba tare da an sa masa amsa a baki ba, shi kuma ya ƙara bayanin a cikin fayil ɗin majiyyaci da kwanan wata da sa hannunsa. Ƙa'idar kundin ta yarda a ɗauki bayanin dama ko hagu daga rubutun wani ma'aikacin jinya idan likita bai rubuta ba, amma sunan cutar kansa daga likitan da ya duba majiyyacin kaɗai ake karɓa.

Akwai wata ƙa'ida da ake yawan takawa. Ga majiyyacin da aka duba ya koma gida, ba a sanya lambar cutar da likita yake zato. Idan ya rubuta cewa mai yiwuwa maruru ne, ko ana son a tabbatar ko ba selulaitis ba ne, wato ƙwayar cutar da ke bazuwa cikin fata da naman ƙarƙashinta, to abin da aka gani da ido ake sanya wa lamba, misali kumburin fatar ido, wanda yake ƙarƙashin H02.84. Ga wanda aka kwantar a asibiti kuwa ƙa'idar daban ce, domin zaton da ya rage a takardar sallama ana sanya masa lamba kamar an tabbatar da shi. Wanda ya saba aiki da fayilolin kwanciya sannan ya koma na ofishin likita ya kamata ya kula da wannan bambancin sosai.

Mataki na biyu: zaɓen lambar cutar

A nan aikin yake, don haka a nan zan daɗe. Ana fara nema a jerin sunayen cututtuka na kundin, wanda aka tsara bisa haruffa, sannan a tabbatar da lambar a babban jadawali, domin a jadawalin ne ake samun gargaɗin da ke hana haɗa wasu lambobi. Cututtukan fatar ido suna cikin babi na 7, a rukunin da ya fara daga H00.

Hazbiya iri biyu ce a kundin. Ta waje, wadda ke fitowa a gindin gashin ido, tana ƙarƙashin H00.01. Ta ciki, wadda ke kama hanyoyin man da ke cikin fatar, waɗanda ake kira mibomiyan, tana ƙarƙashin H00.02. Marurun fatar ido, wato inda mugunya ta taru ta yi gida, yana ƙarƙashin H00.03, kuma idan aka nemi selulaitis na fatar ido a jerin sunaye, nan ɗin ma ake tura mutum. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta cika sai an ƙara mata harafi na shida, kuma tsarinsa ɗaya ne: 1 fatar sama ta dama, 2 fatar ƙasa ta dama, 3 idon dama ba tare da an faɗi wace fata ba, 4 fatar sama ta hagu, 5 fatar ƙasa ta hagu, 6 idon hagu ba tare da an faɗi wace fata ba, 9 kuma ba a san ido ba, ba a san fata ba. Saboda haka hazbiyar waje a fatar ƙasa ta hagu H00.015 ce, maruru a fatar sama ta dama kuma H00.031. Idan cutar ta kama fata biyu, lambobi biyu ake sanyawa, tunda wannan rukunin ba shi da lambar da ta haɗa duka. A ganina lambar da ta ƙare da 9 bai kamata ta fita daga ofishin likitan ido ba ko sau ɗaya, domin babu likitan da zai duba hazbiya bai san a wane ido take ba, kuma kamfanonin inshora da yawa suna mayar da irin wannan takarda.

Kalaziyon yana kama da hazbiya a idon wanda bai sani ba, amma ƙulli ne da toshewar hanyar mai ta haifar, ba ƙwayar cuta ba, kuma yawanci ba ya ciwo. Lambarsa H00.1 ce, haruffa biyar kawai take da su, daga H00.11 zuwa H00.19, da tsarin fatu iri ɗaya da na sama. A ƙarƙashinsa akwai gargaɗin da kundin ke kira Excludes2 game da H00.02, ma'ana hanyar man da ƙwayar cuta ta kama ba ta cikin wannan lambar, amma idan majiyyaci yana da duka biyun ana iya sanya su tare. Gargaɗin Excludes1 kuwa ya fi tsauri, yana nufin ba a haɗa lambobin biyu. Misalinsa yana ƙarƙashin bilefaraitis, wato kumburin bakin fatar ido da ke sa ɓawo a gindin gashi: idan kumburin ya haɗa da farar fatar da ta rufe ƙwayar ido, ana barin H01.0 gaba ɗaya a koma H10.5.

Bilefaraitis ɗin kansa yana da rassa uku, H01.00 wanda ba a fayyace irinsa ba, H01.01 mai miki, da H01.02 mai ɓawo. Tun daga Oktoba 2018 an ƙara masa haruffa biyu masu amfani, A don fatar sama da ta ƙasa na idon dama, B don na hagu, ta yadda wanda cutar ta kama masa fatu huɗu ana sanya masa lambobi biyu, misali H01.02A da H01.02B, maimakon huɗu. Wannan sauƙin bai shafi hazbiya da maruru ba.

Zurfin cutar yana sauya babi ma baki ɗaya. A cikin fatar ido akwai wani siririn shamaki da ya raba gaban ido da kwarminsa. Idan cutar ta bazu a fatar kewayen ido amma ba ta ƙetare shamakin ba, lambarta L03.213, wadda aka ƙara a Oktoba 2016, tana babin cututtukan fata, kuma ba ta bambanta dama da hagu. Idan ta ƙetare ta shiga kwarmin ido, inda ake samun ciwo in an juya ido, ko ido ya turo waje, ko gani ya ragu, lambar H05.01 ce, da 1 don dama, 2 don hagu, 3 don duka biyun. Wannan ta biyun cuta ce mai haɗari da ake kwantar da mutum saboda ita, don haka mai sanya lamba ba shi da hurumin yanke hukunci tsakaninsu bisa alamomin da ya karanta. Idan rubutun ya ce selulaitis na ido kawai, a koma wa likita.

Akwai kuma cututtukan da suke bayyana a fatar ido amma gidansu yana wani babi. Ƙurajen bairos ɗin hafis a fatar ido suna B00.59. Zosta, wadda bairos ɗin ƙarambau ke haifarwa idan ya farka bayan shekaru, idan ta kama fatar ido tana B02.39. Ƙananan ƙurajen molaskam masu rami a tsakiya suna B08.1, impetigo, wato ƙurajen fata masu ɓawo da ƙwayar cuta ke jawowa, yana ƙarƙashin L01.0, ƙwarƙwatar da ke maƙalewa a gashin ido kuma B85.3. Waɗanda suka yi aiki da tsohon kundi za su tuna lambar 373.5, wadda ta tara cututtukan fatar ido masu yaɗuwa wuri ɗaya. Sabon kundin bai ajiye irin wannan ma'aji ba, kuma jadawalin da ke fassara tsoffin lambobi yana kai mutum H01.8, wadda ta sauran kumburin fatar ido ce. Ina ba da shawarar kada a ruga can, a fara neman cutar da sunanta. Haka kuma rukunin H03, wanda yake cikin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya don irin waɗannan cututtuka, babu shi a kundin Amurka, don haka lambar da aka gani a wani littafin ƙetare sai an tabbatar da ita tukuna.

A kula da H01.1, domin rukunin cututtukan fatar ido ne marasa ƙwayar cuta, kamar wadda kwalliya ko magani ya jawo da kuma ta ƙaiƙayin eczema. Jan fata da kumburi ba su isa hujjar cewa ƙwayar cuta ce ba.

Mataki na uku: lambobin da ke biye

Idan an ɗauki mugunya an kai ɗakin gwaji, kuma likita ya rubuta a fayil cewa ga ƙwayar da ta jawo cutar, ana ƙara lamba ta biyu daga B95 ko B96. B95.61 ta stafilokokas ce wadda maganin metisilin ke kashewa, B95.62 kuma ta wadda ta gagare shi, wato MRSA. Waɗannan lambobin ba sa zama na farko, kullum a bayan lambar cutar suke. Idan an sanya B95.62 ba a ƙara Z16.11, lambar gagarar magungunan dangin fenisilin, tunda gagarar maganin tana cikinta. Takardar sakamakon gwaji ita kaɗai ba ta isa ba sai likita ya danganta ta da cutar. Idan cizon ƙwaro ne ya fara buɗe fatar kuma ana kula da shi, yana da tasa lambar a S00.26, da harafi na bakwai da ke nuna matakin jinyar. Ciwon sukari da makamantansa ana sanya su ne idan sun shafi yadda aka yi maganin a ranar.

Mataki na huɗu: lambar aikin da aka yi

Lambar cuta tana bayyana dalili, lambar CPT kuma ita ce ake biya. Duba majiyyaci a ofis yana da hanya biyu: lambobi 99202 zuwa 99205 ga sabo da 99212 zuwa 99215 ga wanda aka saba gani, ko kuma lambobin duba ido 92002 da 92004 ga sabo, 92012 da 92014 ga wanda aka saba gani. Ɗaya ake zaɓa, ba biyu ba. Sabo shi ne wanda likitan, ko wani likita mai fanni ɗaya da shi a ƙungiya ɗaya, bai duba ba cikin shekara 3 da suka wuce. Tun daga Janairu 2021 matakin lambobin rukuni na farko yana dogara ne kan nauyin shawarar da likita ya yanke ko kan lokacin da ya ɓata a ranar. Nauyin shawarar yana da ma'auni uku, girman matsala, yawan bayanan da aka duba, da haɗarin magani, kuma sai biyu sun kai matakin. Wannan ya sa hazbiya guda da aka rubuta mata magani takan tsaya a 99213, domin ko da rubuta magani yana matsakaicin haɗari, ita matsalar ƙarama ce marar rikici. Ɗaga ta zuwa 99214 saboda takardar magani kaɗai yana daga cikin abubuwan da masu binciken takardu ke kamawa.

Idan an tsaga fatar ido an fitar da mugunya, lambar 67700 ce, ba 10060 ta tsaga marurun fata a sauran jiki ba. Cire kalaziyon yana da lambobi huɗu da suka bambanta bisa yawa da wuri: 67800 guda ɗaya, 67801 da yawa a fata ɗaya, 67805 da yawa a fatu daban-daban, 67808 kuma idan an sa majiyyaci barci ko an kwantar da shi. Wanda aka cire masa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, 67805 ake sanya masa sau ɗaya, ba 67800 sau biyu ba. Allurar da ake yi cikin ƙullin tana 11900, maganin triyamsinolon kuma J3301, inda kowane miligiram 10 yake awo ɗaya.

Yanzu ga tarkon da na fi son a gani da kyau. Ana liƙa wa lambar aiki wata alama ta haruffa biyu da ke nuna fatar da aka taɓa, kuma tsarinta ya saɓa da na lambar cuta. A lambar cuta dama ce ke farawa, a alamar aiki kuwa hagu ce: E1 fatar sama ta hagu, E2 fatar ƙasa ta hagu, E3 fatar sama ta dama, E4 fatar ƙasa ta dama. Hannun da ya rubuta H00.031 yana saurin ɗora E1 a gefensa saboda ya ga 1, alhali E3 ce daidai. Sakamakon shi ne takarda mai cewa cuta tana dama an yi aiki a hagu. Wasu kamfanonin suna son RT (dama) da LT (hagu) maimakon waɗannan, don haka a duba ƙa'idar kowane mai biya.

Mataki na biyar: duba da aiki a rana ɗaya

67700 da 67800 suna da kwana 10 na kulawar bayan aiki da aka riga aka haɗa cikin kuɗinsu, 67808 kuma kwana 90. Dubawar da ta kai likita ga shawarar yin ƙaramin aiki a ranar ita ma tana cikin kuɗin aikin. Alamar 25 ana ɗora ta a kan lambar dubawa ne kawai idan an yi wani duba mai nauyi wanda zai iya tsayawa da ƙafarsa ko da ba a yi aikin ba. Kasancewar majiyyaci sabo bai isa dalili ba a ƙa'idar Medicare.

A ɗauki misalin wata mata da ofishin ya saba gani. Ta zo da maruru a fatar ƙasa ta dama, likita ya tsaga ya fitar da mugunya. A zaman ne kuma ya duba ɓawon da ya daɗe a bakin fatun idanunta duka biyu, ya rubuta bilefaraitis mai ɓawo, ya tsara mata yadda za ta riƙa wanke su da maganin shafawa, ya kuma rubuta wannan a sashe daban. A gurbi na 21 na takardar neman biya ta CMS-1500, wanda ke ɗaukar lambobin cuta har 12 daga A zuwa L, za a sa H00032 a A, H0102A a B, H0102B a C, ba tare da ɗigo ba, da 0 a ƙaramin gurbin da ke nuna kundin ICD-10 ne. Layi na farko a gurbin 24D zai ɗauki 67700 da E4, gurbin 24E na nuna A. Layi na biyu zai ɗauki lambar dubawa da alamar 25, yana nuna B da C. Gurbin 24B zai ɗauki 11, wato ofishin likita. Da ba a duba bilefaraitis ɗin ba, da layi ɗaya ne kawai a takardar. Idan ta dawo bayan kwana 5 don a ga yadda wurin ke warkewa, ba a neman kuɗi, 99024 ake rubutawa don tarihi. Idan kuwa ta dawo cikin kwanakin da wata matsala da ba ta da alaƙa da marurun, alamar 24 ake sa wa dubawar, sabon aikin da bai shafi na farko ba kuma 79.

Mataki na shida: aikawa da bin sawu

Cutar fatar ido inshorar lafiya ake kai wa, ba inshorar tabarau ba, kuma ya kamata a sanar da majiyyaci haka tun a teburin karɓa. Yawancin takardu yanzu ta kwamfuta ake aika su a tsarin 837P. Medicare na ba da wata 12 daga ranar aiki, kamfanoni masu zaman kansu kuma sau da yawa wa'adinsu ya fi haka gajarta, yana cikin yarjejeniyar da ofishin ya sa wa hannu. A sashen B na Medicare, wanda ke biyan ayyukan likita, bayan majiyyaci ya cika kason farko na shekara, shirin na biyan kashi 80 cikin 100 na kuɗin da ya amince da shi, sauran 20 kuma na majiyyaci ne ko inshorarsa ta biyu. Sabon kundin ICD-10-CM yana fara aiki kowace 1 ga Oktoba, na CPT kuma 1 ga Janairu, kuma ranar da aka duba majiyyaci ce ke nuna wanda za a yi amfani da shi, ba ranar aikawa ba.

Idan takarda ta dawo ba a biya ba, ruwa ba ya tsami banza, dalilin yana rubuce da lamba a takardar bayanin biya. CO-4 na nufin alamar ba ta dace da aikin ba ko babu ita, CO-11 cutar ba ta dace da aikin ba, CO-16 akwai bayanin da ya ɓace, CO-97 an haɗa kuɗin cikin wani aikin, CO-50 ba a ga larurar aikin ba, CO-29 kuma wa'adi ya wuce. A fatar ido, CO-4 da CO-11 galibi suna komawa ga saɓanin dama da hagu, ko ga 67800 da aka nuna wa lambar hazbiya maimakon ta kalaziyon. Kuskuren rubutu ana gyara shi ta hanyar da mai biyan ya tanada, ƙin biyan da ake jayayya a kansa kuma ana ɗaukaka ƙara, wanda a Medicare matakinsa na farko yana da kwana 120 daga karɓar sanarwa, tare da kwafin rubutun likita. Abin da ba a yarda a yi ba shi ne sauya lambar cuta zuwa wadda ake biya alhali fayil bai faɗi haka ba, domin dokar tarayya kan takardun ƙarya tana hukunta ofishin da ya yi hakan. Idan kuma binciken cikin gida ya nuna Medicare ta biya fiye da kima, doka ta ba da kwana 60 daga gano hakan a mayar da rarar.